Hanyar Caji Zuwa Ƙasa: Daga Tartsatsin Hunturu Zuwa Tsawar Damina a Baure

Duk wanda ya yi hunturu a ƙasar Baure ya san abin nan: ka tuɓe rigar sanyi cikin duhu ka ji tana ƙas-ƙas har ka ga ƙananan tartsatsi, ko ka sauko daga mota ka kai hannu ga ƙofa ka ji wani abu ya tsikare ka a yatsa. Bayan wata biyar ko shida hadari ya taso daga gabas, walƙiya ta keta sama, a wayi gari da labarin tsawa ta faɗa wa wata bishiya ta kashe dabbobin da suka fake a gindinta. Ga kuma firji ko dutsen guga mai jan mutum in ya taɓa shi ba takalmi. Mutane kan ɗauki na farko abin dariya, na biyu ƙaddara, na uku sakacin mai wayarin. Alhali tambaya ɗaya ce a ƙarƙashinsu duka: idan caji ya taru a wuri, ta ina zai bi ya isa ƙasa?

Amsar wannan tambaya ita ce abin da masana kimiyyar lantarki ke nufi da haɗa abu da ƙasa. Ɗaliban sakandare suna haddace ta saboda jarrabawar WAEC da NECO, su manta da ita da zarar sun ajiye biro. Amma a wuri irin Baure, mai ƙasar yashi da busasshiyar iska da hadari mai ƙarfi, inda farantan sola da janareto da jarkokin fetur suka shiga kowane ƙauye, wannan ilimi ne na tsare rai da dukiya.

Caji ba ya ɓata, ƙaura yake yi

Kowane abu, daga ƙarfe har jikin ɗan Adam, an gina shi da ƙwayoyin zarra. A tsakiyar kowace ƙwaya akwai furoton masu caji iri ɗaya, a kewayenta kuma akwai ilektiron masu caji kishiyar wancan. Benjamin Franklin na Amurka ne ya raɗa wa nau'o'in biyu alamomin da muke gani a jikin batir: tarawa da ɗebewa. Furoton ke da alamar tarawa, ilektiron ke da ta ɗebewa. Masu alama iri ɗaya suna ture juna, masu alama daban suna jan juna. A yawancin lokaci adadinsu daidai yake a cikin abu, shi ya sa ba ma jin komai.

A cikin daskararren abu furoton ba sa motsi daga mazauninsu, ilektiron ne ke yawo. Idan abubuwa biyu mabambanta suka gogi juna, ɗaya kan ƙwace wa ɗaya ilektiron. Yaron da ya goga biron roba a gashinsa ya ɗauki gutsattsarin takarda da shi ya yi wannan aikin: biron ya sami rarar ilektiron, gashin ya sami giɓi daidai da wannan rara. Ba a ƙirƙiri komai ba, ba a kuma hallaka komai ba. Wannan ƙa'ida ita ce ginshiƙin maganar gaba ɗaya, domin ita ke nuna cewa duk cajin da ya taru yana nan har sai ya sami hanyar tafiya.

Hanyar kuwa ta danganta da irin abin. Ƙarfe, jiƙaƙƙiyar ƙasa, ruwa mai gishiri da jikin mutum suna ba caji hanya. Roba, gilashi, siliki, busasshen itace da busasshiyar iska suna tare shi. Wani Baturen Ingila, Stephen Gray, shi ya fara bambance waɗannan a 1729. Ya miƙa doguwar igiya ya rataye ta da zaren siliki, caji ya bi ta har ƙarshe. Da zaren ya tsinke aka maye shi da siririyar wayar ƙarfe, sai caji ya daina isa, saboda ya bi wayar ya zurare. Tun ba a san ilektiron ba, wanda sai a 1897 J. J. Thomson ya gano shi, an riga an ga yadda ƙasa ke janye caji idan an ba ta hanya.

Nan ne hunturu ke shigowa. Da damina iska na ɗauke da laima, wani siririn danshi kan lulluɓe tufa da fata, caji ya riƙa sulalewa a hankali ba a sani ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuwa, lokacin da iskar arewa maso gabas ke kwaso ƙura daga Sahara, wannan danshin ya ƙafe. Mai takalmin roba da rigar leda yakan tara caji na dubban bolt a jikinsa. Iska ba ta barin tartsatsi ya ratsa ta sai ƙarfin ya kai kusan bolt 3,000 a kowace milimita ɗaya, don haka ɗan tartsatsin da ke tsalle daga yatsa zuwa ƙofar mota ya ninka wutar gida, mai bolt 230, fiye da sau goma. Abin da ya sa ba ya kisa shi ne cajin kaɗan ne ƙwarai, kuma yana ƙarewa kafin ƙiftawar ido. Wutar gida kuwa tana da mai tura ta ba yankewa.

Me ya sa ƙasa?

Idan aka ɗauki ƙwallayen ƙarfe biyu masu girma ɗaya, guda da caji guda babu, aka haɗa su, za su raba cajin biyu daidai. Idan ɗaya ta fi girma, ita za ta kwashi kaso mafi tsoka. Caji yana gudana ne har sai matsin lantarkin ɓangarorin biyu, wanda ake aunawa da bolt, ya daidaita. Kamar randuna biyu ne da aka haɗa gindinsu da tiyo: ruwa zai bi har tsayinsa ya zo ɗaya a cikinsu, kuma babbar randa ce za ta ɗauki mafi yawa. To duniya randa ce da daga tsakiyarta zuwa bayanta ya kai kusan kilomita 6,400. Duk abin da mutum zai zuba mata ko ya ɗiba daga gare ta ba zai ɗaga ta ko ya rage ta ba. Saboda haka masana suka ɗauki matsin ƙasa a matsayin sifili, suke auna komai daga gare shi.

Haɗa abu da ƙasa ke nan: a shimfiɗa hanya mai sauƙin bi tsakaninsa da doron ƙasa, domin matsinsa ya zama ɗaya da nata. Mutane da yawa suna zaton ƙasa tana shanye wuta ne kawai. Hanyar tana aiki ta fuska biyu. Idan abu yana da rarar ilektiron, rarar za ta gangara ƙasa. Idan giɓi gare shi, ilektiron za su hauro daga ƙasa su cike giɓin. Ko ta wace fuska, sakamakon ɗaya ne, abin ya koma daidai.

Akwai sharaɗi mai muhimmanci. Wayar ƙasa tana kwashe caji daga abin da caji ke iya yawo a cikinsa ne kaɗai. Ka taɓa waya a gefe ɗaya na tukunyar ƙarfe, duk tukunyar ta sauke cajinta. Ka taɓa ta a jikin jarkar roba, wurin da ta taɓa ne kawai zai sauke, sauran yana nan maƙale. Mai sayar da fetur ya kamata ya riƙe wannan da kyau.

Caji na iya motsawa ko ba a taɓa ba. A kawo sandar roba mai rarar ilektiron kusa da ƙwallon ƙarfe da ke zaune a kan gilashi, ba tare da sun haɗu ba. Ilektiron na ƙwallon za su gudu zuwa ɓangaren da ke nesa, ɓangaren kusa ya zama mai giɓi. A taɓa ƙwallon da yatsa: ilektiron da aka kora sun sami mafita, za su bi jiki su shige ƙasa. A ɗauke yatsa tukuna, sannan a janye sandar. Ƙwallon ya zama mai giɓi, wato cajinsa kishiyar na sandar, ita kuwa sandar ba ta rasa komai ba. Idan aka janye sandar kafin yatsa, ilektiron za su dawo, aikin ya tashi a banza. Wannan gwaji da ake zanawa a allo shi ne ainihin abin da gajimare ke yi wa gonakinmu.

Fetur da tartsatsi

Fetur ba ya ba caji hanya. Duk lokacin da yake gudu a cikin tiyo ko yake kwarara ta mazurari, gogayya na sa shi da abin da yake bi su tara caji. Tururinsa kuma, idan ya gauraya da iska, ba ya buƙatar ashana. Tartsatsin da ya gaza wanda mutum ke iya ji a yatsa ya isa ya kunna shi. Wannan ne dalilin da ya sa ƙa'idar sauke mai a gidan mai ta tanadi a maƙala wa tanka wayar ƙasa kafin a buɗe famfo, a kuma haɗa tankar da rumbun da ake zuba wa, domin kada bambancin matsi ya samu tsakaninsu.

A garuruwan kan iyaka irin su Baure da Babban Mutum, da ƙauyukan da gidan mai ya yi musu nisa, yawancin masu babura da injinan ban ruwa a hannun 'yan bumburutu suke sayen mai, daga jarka zuwa galan, daga galan zuwa kwalba. Ba wanda zai kafa wa kowane teburi sandar ƙasa, amma akwai matakan da ba su cin ko kwabo. A sauke jarka ƙasa kafin a cika ta, kada a cika ta a bayan mota ko a kan shimfiɗar roba. Bakin tiyo ko mazurari ya riƙa taɓa bakin abin da ake zuba wa tun daga farko har ƙarshe. A zuba a hankali, domin yawan gudu da fantsama ke ƙara caji. Kada a goge jarka da busasshen tsumma a kusa da buɗaɗɗen mai. Wanda ya taso daga kujerar mota ya fara taɓa ƙarfe nesa da man kafin ya kama tiyo. Da hunturu ya fi kamata a tsananta, domin a lokacin ne iska ba ta taimaka wajen sauke caji.

Tsawa

A cikin gajimaren hadari, iska mai hawa sama tana haɗa ƙananan ƙanƙara da manya suna karo, caji ya rabu: saman gajimaren ya zama mai giɓi, gindinsa mai rarar ilektiron. Gindin nan sai ya kori ilektiron na ƙasar da ke ƙarƙashinsa, kamar yadda sandar roba ta yi wa ƙwallo, doron ƙasa da duk abin da ya yi tsayi a kansa su zama masu giɓi. Idan bambancin ya fi ƙarfin iska, sai hanya ta tsage. Wutar da ke bi ta cikinta takan kai amfiya 30,000, zafinta kuma ya ninka na fuskar rana kusan sau biyar. Faɗaɗar iska nan take saboda wannan zafi ita ce ƙarar da muke ji.

A 1752 Franklin ya tabbatar da cewa walƙiya da tartsatsin ɗakin gwaji abu ɗaya ne, ya kuma kawo dabarar kafa sandar ƙarfe a saman gini a ja waya mai kauri daga gare ta zuwa cikin ƙasa. Shekara ɗaya bayan haka, a 1753, wani masani mai suna Georg Richmann ya kafa sanda a gidansa a birnin Saint Petersburg na Rasha, ya shigo da wayarta cikin ɗaki don ya auna cajin hadari, bai haɗa ta da ƙasa ba. Da ya matso kusa, wutar ta yi tsalle ta bi ta jikinsa, ya mutu nan take. Sandar tsawa ba ta korar tsawa. Karɓar ta take yi ta miƙa wa ƙasa, kuma duk amfaninta yana ga wayar da ke gangarowa da ƙarfen da aka binne. Sanda a saman hasumiyar masallaci ko tankin ruwa wadda aka sace wayarta, ko ta tsinke ba a gyara ba, ta zama haɗari.

Ko bayan tsawa ta isa ƙasa aikinta bai ƙare ba. Wutar tana bazuwa ta kowane gefe, matsinta na raguwa da nisa. Duk mai rai da ƙafafunsa ke taka wurare biyu masu matsi daban, wuta za ta hau ta ƙafa ɗaya ta sauka ta ɗaya. Saniya ta fi mutum shiga haɗari saboda tazarar da ke tsakanin ƙafafunta na gaba da na baya, kuma zuciyarta na kan hanyar. A watan Agustan 2016 tsawa ta kashe dabbobin dawa dangin barewa fiye da 300 lokaci guda a wani tudu a ƙasar Nowe. Masu bincike sun nuna cewa irin wannan wuta mai bin ƙasa ita ke jawo kusan rabin mace-mace da raunukan tsawa a tsakanin mutane, waɗanda take faɗa wa kai tsaye kuwa 'yan kaɗan ne.

Ƙasar Baure shimfiɗaɗɗiya ce, gonakin gero da wake da gyaɗa, da itatuwa jefi-jefi: gawo, kuka, tsamiya, darbejiya. Manomi ko makiyayin da ruwa ya tarar a fili, abin da zuciya ke fara raya masa shi ne ya ruga gindin itace, kuma nan ne wuri mafi muni. Itacen shi ne mafi tsayi a wurin, jikin mutum kuma ya fi itace sauƙin bi, don haka wutar kan yi tsalle daga kututture zuwa gare shi. Rumfar kwano marar bango ba mafaka ba ce, haka ma babur. Mota mai rufin ƙarfe tana karewa, saboda wutar na bin bayan ƙarfen ta sauka, tayoyin roba ba su da hannu a ciki. Sauti na tafiyar kusan kilomita ɗaya cikin daƙiƙa uku, amma ko ƙarar ta yi jinkirin isowa, duk wanda ya ji tsawa to tana kusa da za ta iya isa gare shi. A nemi gini tun hadari na haɗowa, a kuma dakata minti 30 bayan ƙarar ƙarshe. Wayar hannu ba ta jan tsawa, sai dai wadda aka jona a soket tana haɗe da wayoyin da tsawa ke iya biyowa.

Abu ɗaya da ke raba rai da mutuwa: wanda tsawa ta buga ba ya riƙe da wuta a jikinsa. Cajin ya riga ya shige ƙasa. A taɓa shi, a duba numfashinsa, idan zuciya ta tsaya a fara danna ƙirji a kuma garzaya asibiti. Tsoron taɓawa ya sa an rasa mutanen da za su iya tashi. Wannan ya bambanta da wanda wayar lantarki ta riƙe, shi kam sai an kashe wuta ko an ture wayar da busasshen itace.

Waya ta uku da yashin Baure

Fulogi mai ƙafa uku da muke amfani da shi a Nijeriya yana da ƙafa ɗaya da ta fi sauran tsawo da kauri. Ita ce ta ƙasa, wayarta mai launin kore da rawaya, kuma an tsawaita ta ne don ta riga sauran shiga, ta kuma zama ta ƙarshen fita. Tana haɗe da gangar jikin firji ko dutsen guga. Idan wayar wuta ta saɓule ta taɓa ƙarfen, wutar za ta bi wannan hanya mai sauƙi ta koma taransifoma da yawan da zai ƙona fis ko ya faɗar da makatsar wuta. Idan babu ita, ƙarfen zai zauna da bolt 230 yana jiran mai taɓawa, kuma mace mai aiki ba takalmi a jiƙaƙƙen daɓe ita ce hanyar. Tsuntsun da ke kan wayar kamfanin lantarki na KEDCO ba ya jin komai domin bai haɗa wayar da ƙasa ba. Abin da ke kisa shi ne zama gada tsakanin matsi biyu.

Duk da haka, sau nawa ake karya ƙafa ta uku don fulogi ya shiga soket mai rami biyu? Gida nawa aka ja wa waya biyu kacal don a rage kuɗi? Yanzu kuma ga sola: faranti a kan rufin kwano, inbata a ɗaki, famfon rijiyar burtsatse a bayan gari da tanki a kan dogon ƙarfe, sau da yawa ba sandar ƙasa ko ɗaya. Ko tsawar da ta faɗi nesa kaɗan tana iya tura wuta cikin wayoyin ta ƙona inbata, rijiyar da gari ya dogara da ita ta tsaya.

Ko wanda ya yi niyyar yin daidai yana da matsala ta musamman a nan. Busasshen yashi yana cikin mafi munin ƙasa wajen karɓar wuta, yakan fi jiƙaƙƙiyar laka taurin kai sau goma har sau ɗari. Gajeriyar sandar da za ta wadatar a fadama ba za ta yi komai a jigawa da rani ba. Masu wayarin sun saba zuba gawayi da gishiri a ramin don su riƙe danshi. Dabarar tana taimakawa, amma gishiri yana cin ƙarfe, ruwan sama kuma yana wanke shi, ramin da ya yi kyau bana yana iya lalacewa bayan 'yan shekaru. Abin da ya fi inganci shi ne doguwar sanda mai rufin jan ƙarfe da za ta kai ga ƙasa mai danshi, ko sanduna da yawa da aka ba su tazara aka haɗa da waya mai kauri, a wurin da ba ya bushewa ƙarƙaf. Sannan a auna da na'ura, a kuma auna da rani lokacin da ƙasa ta fi bushewa. Ƙa'idar kariyar tsawa ta fi son ƙin da ƙasa ke yi wa wutar ya gaza om 10. A ƙara da irin makatsar da ke yanke wuta da zarar miliamfiya 30 ta ɓalle ta wata hanya, domin a ƙasar yashi ita ce ke cike gurbin da sanda ta gaza.

Abin da ya rage gare mu

Mun yi imani rai da ajali a hannun Allah suke, mun kuma san rigakafi ya fi magani. Wanda ya gina rijiya yakan yi mata baki don kada yaro ya faɗa, ba wanda ke ce masa ya yi jayayya da ƙaddara. Hukumar NEMSA ce doka ta ɗora wa duba ingancin aikin lantarki a ƙasar nan, amma ba za ta shiga kowane gida a Baure ba. Nauyin yana kan wanda ke biyan kuɗin aikin da wanda ke yin sa.

Duk kwangilar makaranta, asibiti, masallacin Juma'a ko rijiyar sola da ƙaramar hukuma ko wata ƙungiya za ta bayar, a rubuta sandar ƙasa da kariyar tsawa a cikinta, kada a biya kuɗin ƙarshe sai an ga sakamakon awo. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura tana kusa, ita da makarantun sana'a za su iya horar da masu wayarin da masu haɗa sola kan yadda ake aiki a ƙasar yashi. Malaman kimiyya su fitar da darasin daga allo: biro, gashi da takarda sun isa a fara, hunturu kuma ya ba su ɗakin gwaji kyauta. Limamai da masu unguwanni su yi wa jama'a tuni kafin saukar damina game da gindin itace da kuma taimakon wanda tsawa ta buga. Mai gida kuma, ranar da zai sallami mai wayarin, ya ce a nuna masa inda aka binne sandar da wayar da ta tafi gare ta, in babu ya riƙe kuɗinsa har a yi.